Tsagar da Na Aro wa Babana

Ina da wani ɗan hali da gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: ba na iya ganin fuskar mutum a kan allon ordinatar, wato kwamfuta, in ƙyale ta yadda Allah ya yi ta. Sai na taɓa. Ƙurji, tabo, ƙyasbi, layin goshi, ba wanda nake ɗaga wa ƙafa. Shagona na hoto yana bakin kwalta a Dogon Dutsi, tsakanin mai gyaran babur da mai sayar da katin waya, kuma wanda ya shigo da fuskarsa yakan fita da ta wani. Akwai amaryar da dangin ango suka riƙe hotonta suna tambaya ko tana da ƙanwa. Akwai wani mushen lakkol, malamin makaranta da ya yi ritaya, na mayar da shi shekarar da ya fara aiki, matarsa ta daina amsa gaisuwata. Ni dai gyara nake kiran abin, kuma har yau ba wanda ya dawo ya ce a mayar masa da ƙurjinsa.

Cikin bazara, lokacin da kowa ke duban gabas yana jiran hadari, ƙanwata Lubabatu ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar shago. Daga Matankari take, inda take zaune da mahaifiyarmu. Ta sha ruwa, ta kwance bakin zanenta, ta fito da wani abu a naɗe cikin leda.

"Yaya, saƙon Inna na."

Ni ne ɗan fari. Na haura hamsin, furfura ta gama da gemuna, amma Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye in dai akwai wanda za a bi ta kansa. Ko tabarma ɗaya muke zaune, sai ta dubi Lubabatu ta ce, "Ki ce mishi shi ci abinci." Haka muka rayu, kuma ban ga inda ya rage mu ba.

Tun kafin in buɗe ledar na san abin da ke ciki. Hoton Baba ne, ɗan ƙarami irin na katin shaida, baƙi da fari, bai kai akwatin ashana ba. Baba ya rasu ina ɗan yaro, Lubabatu tana goye. Ban riƙe muryarsa ba, ban riƙe tafiyarsa ba. Abin da na sani nasa shi ne wannan hoton da Inna ke ajiyewa a cikin ƙaramar tasa a ƙarƙashin gado: saurayi da hula a karkace, ya zuba wa mai hoto ido kamar yana bin sa bashin gaisuwa.

"Likitan ido ya ce ba yanar ido ta ba, balle a kankare," in ji Lubabatu. "Jijiya ke mutuwa. Abin da ya tahi ya tahi. Ya ce kahin kaka wataƙila sai dai ta bambance rana da inuwa."

"Yanzu me take gani?"

"Manyan abubuwa. Ƙofa, randa, ni. Allura ta ɓace mata, tsakuwa cikin hatsi ta ɓace. Wanga hoto ma ya ɓace. Ta ce a ce ma mai hoto shi ƙara mishi girma, ta gan shi tun da sauran ido."

Mai hoto ni ne. Kusan sunana ke nan ta kira.

Wanda bai san aikin ba yana zaton ƙara wa hoto girma kamar hura balan-balan ne. Hoto a cikin ordinatar ɗigo-ɗigo ne, kamar gero a faifai. In ana son bugu mai kyau, wanda mutum zai kawo hancinsa kusa bai ga dishi-dishi ba, sai an sami ɗigo sama da ɗari a kowane santimita na takarda. Ni kuwa abin da bai kai akwatin ashana ba nake so in kai shi girman murfin taga. Na share gilashin sikana da gefen rigata, na kwantar da Baba a kai, na sa ta kwafe shi iyakar ƙarfinta. Da ya fito a allo sai na ga abin da shekaru suka yi masa. Karaya ta ratsa hula, wata ta ratsa wuya, tsatsar tasa ta ci gefe guda, kumatun kuma sun yi fari fat, da ƴan guntayen layuka a gefen baki da gindin kunne.

Akwai wata manhaja da nake ji da ita, mai ƙirƙiro ɗigon da babu. An ce ta koyi fuskar ɗan Adam daga miliyoyin hotuna. Na ba ta Baba. Ta cike kumatu, ta share karaya, ta fito da gashin ido ɗaya-ɗaya. Ƴan layukan da ta manta a gefen baki kuma na bi su da hannuna na goge, ina mita a kan yadda mutanen ƙauye ba su iya ajiyar hoto ba. Da na gama na ja kujera baya. Ban taɓa sanin babana kyakkyawa ne haka ba. Har na ga inda na ɗauko goshi.

Injin shagona bai wuce na fasfo da hoton biki ba, saboda haka na kira Ja'afar, wani mai babban inji a Yamai da muke hulɗa.

"Bon, Malam Sallau, kar ka turo mini ta waya," ya ce. "Waya matse hoto take yi. Ku mutanen Dutsi sai ku turo abu kamar tambarin wasiƙa, ku ce a buga muku kamar allon talla."

"Ni za ka koya wa aiki?"

"A'a. Tunatarwa ce, saboda wancan karon."

Na sa shi a kile, ɗan abin nan da ake soka wa ordinatar, na naɗe a ambulan, na ba direban motar Yamai. Bayan ƴan kwanaki ya dawo a cikin bututun kwali, a kan takarda mai sheƙi, har ƙamshi yake yi.

A Matankari muka fito da Inna tsakar gida inda rana take. Ni na riƙe gefe guda, Lubabatu ta riƙe gefe guda. Inna ta matso, ta matso, har numfashinta yana sa takardar hazo. Ta duba sama, ta duba ƙasa. Ni kuma na riga na shirya fuskar da zan yi in ta fashe da kuka.

"Wane na wanga?" ta ce.

"Inna, hoton na," in ji Lubabatu. "Wanda kinka bayar."

"Ki ce mishi wanga ba Ba'are na ba. Ina tsaga? Kumatu sumul kamar ma'aikacin banki. Ki ce mishi shi mai da ma masu shi, suna can suna nema."

Ta juya ta koma ɗaki tana laluben bango.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Arewa ya san tsagar mutanenmu, wadda ake gane Ba'are da ita: biyu-biyu a kowane kunci, daga gefen baki har gindin kunne. Ni ba a yi mini ba, a zamaninmu an fara dainawa, amma a cikinta na girma. Tana fuskar Inna, tana fuskar limamin unguwa, tana fuskar mai naman da nake ci kullum. Manhajar tana da uzuri, da alama a cikin miliyoyin nan nata babu Ba'are ko ɗaya. Ni kuwa haifaffen Matankari ne, kuma da hannuna na goge abin da ta rage.

Na koma shago na buɗe kwafin farko, wanda ban taɓa ba. Nan na gane dalilin farin kumatun. Ba tsufa ba ne, babban yatsa ne. Shekara da shekaru wani yana shafa wuri guda, daga baki zuwa kunne, daga baki zuwa kunne, har ya cinye fuskar takardar. Abin da ya saura na tsagar shi ne mafarinta da ƙarshenta, ƴan guntayen layukan da na ɗauka karaya ce. Tsakiya babu komai. Ba abin da za a farfaɗo da shi.

Na gwada zanawa da kaina. Ta farko ta fito kamar gashin bakin kyanwa. Ta biyu kamar kunyar gona. Tsaga ba layi ba ce kawai, tana da tudu da kwari, haske yana kama ta ta gefe guda, tana lanƙwasa yadda kuncin mutum ya lanƙwasa. Askar wanzamin da ya mutu tun kafin a kawo lantarki ta fi ƙarfin ordinatar ɗina.

Lubabatu ce ta kawo dabara a waya. "Yaya, ga Baba Dauda nan Gesheme. Uwa ɗaya uba ɗaya da Baba, wanzami guda ya yi musu. Ka ɗauko tashi ka ɗora. Tsaga kaɗai fa, kar ka shiga halin nan naka."

"Wane hali?"

"Inna ta fara karo da randa. Ka yi sauri."

Na iske Baba Dauda, ƙanin mahaifina, a gindin bishiya a ƙofar gidansa yana ƙara wa sungumi ƙota. Ya tsufa ƙwarai, haƙoran gaba sun yi sallama, amma baki yana nan.

"Sallau da rana tsaka. Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Baba. Hoto na zo in ɗauke ka."

"To ni za ni mutuwa ke nan. Allah shi sa ba kahin shuka ba."

Ban gaya masa dalili ba. Da na faɗa, kafin in kai tasha duk Gesheme ta ji cewa ɗan Hasiya ya share wa ubansa tsaga. Na zaunar da shi a bakin zaure inda haske ke shigowa ta gefe, don tudun tsagar ya yi inuwa. Na ɗauki gaba, na ɗauki kuncin dama, na ɗauki na hagu, na matso har ina jin warin goro.

"Hoton kunne kake so ko na mutum?"

"Kar ka motsa, Baba."

"An ce kana mai da tsoho yaro. In ka gama ka aiko mini guda, akwai wata bazawara nan bayan masallaci da ba ta san ni da haƙora ba."

"Rufe baki kaɗan."

"Rabona da a ce mini kar in motsa haka, tun mai hoton nan mai baƙin ƙyalle na kasuwar Matankari. Shi ma haka ya dame ni."

Ina fama da ma'aunin haske a lokacin, na ce masa to.

A shago na shimfiɗa kuncin Baba Dauda a kan kuncin Baba, na rage masa kauri har ina ganin na ƙasa ta cikin na sama. Na yi shirin ja da lanƙwasa da rage tsawo, aikin yini guda. Sai ga tsagar ta zauna daram. Mafarinta ya hau kan guntun layin gefen baki, ƙarshenta ya hau kan na gindin kunne, dama da hagu, ko gashi guda ban ja ba. Na tashi na zaga shagon sau biyu. Na so a ce akwai wani mai hoto kusa da zai ga irin idon da Allah ya ba ni.

Da na tsaya nan, da na kwana lafiya. Amma tsaga ta gaske a kan kuncin da manhaja ta ƙirƙiro ta yi kama da facin sabon yadi a tsohuwar riga. Sai na ɗauko fatar kuncin gaba ɗaya, na goge mata tamoji, wanda dama shi ne aikina. Da kunci ya zauna, sai gefen baki ya ƙi yarda da shi. Na ɗauko baki. Kunnen asali ɗigonsa bai kai ba, ya yi kama da ƙosai, na ɗauko kunne. Hanci ya ga kowa ya sabunta, shi ma na ɗauko. Kowane ɗaya kuwa in na ɗora sai ya zauna kamar gidansu. Da na kashe shimfiɗun aro don in ga abin da ya rage na babana, na tarar da hula, da wuyan riga, da ido biyu.

Aikin ya yi kyau, wannan ba zan yi ƙarya ba. Ban taɓa yin kamarsa ba. Amma abin bai kwanta mini ba. Mace tana da ɗan guntun ganin da ya rage mata a duniya, ta ce za ta kashe shi a kan fuskar mijinta, ni kuma ɗanta na fari zan miƙa mata ƙanin miji da hular mamaci. Na yi niyyar in cire hanci da baki in koma tsaga kaɗai. Na cire, na duba, na mayar. Sai Lubabatu ta kira ta ce jiya Inna ta gaishe da turmi.

Na kira Ja'afar. "Wannan karon ba mai sheƙi ba. Sheƙi yana mayar mata da rana cikin ido. Takarda marar ƙyalli, mai kauri. Kuma ka fara bugo mini yankin kunci kawai in gani."

Gwajin farko ya zo baƙi ƙirin, tsagar ta nutse a cikin fata. Allo yana da fitilarsa a baya, takarda kuwa sai abin da rana ta ba ta, kuma fuskar baƙin mutum ita ce ta fara biyan wannan bambancin. Na buɗe inuwa, na ƙara wa gefen tsagar kaifi, na ƙara tazara tsakanin baƙi da fari fiye da yadda zan yi wa mai lafiyar ido.

"Ya yi ƙarfi da yawa," in ji Ja'afar. "Tsagar nan daga tasha za a hango ta."

"Haka ake so. Buga."

Ranar da na kai shi Matankari an wayi gari da ruwan shuka. Garin ba kowa. Maza, mata, ƴan makaranta, har masu kanti, duk suna gona, wani yana sara da sungumi wasu suna binsa suna jefa iri suna rufewa da diddige. A ƙasarmu in ruwan farko ya sauka, ko ɗaurin aure sai ya jira. Lubabatu kaɗai ta tsaya saboda Inna.

Muka fito da ita tana riƙe da kafaɗar Lubabatu. Muka jingina hoton da bango inda haske ya fi. Ta durƙusa a gabansa, ta kawo fuska kusa, ta ɗan ja baya, ta karkata kai tana neman inda idon ke aiki. Sai ta ɗaga babban yatsa ta ɗora a gefen bakin, ta ja shi a hankali har kunne. Ta koma ɗaya kuncin. Na so in ce yatsa yana ɓata takarda, Allah ya taimake ni na yi shiru.

Ta daɗe a haka.

"Yauwa," ta ce. "Yanzu Dauda ya hito."

Lubabatu ta juyo ta dube ni irin duban da take yi wa akuyar da ta shiga rumbu.

"Ki ce mata," na ce, don ni ma ban san wata hanyar magana da ita ba, "ki ce mata kumatun sun goge ne, shi ya sa na ɗan ara. Tsaga na yi niyya. Sauran kuma aiki ne ya ja. Amma idon na Baba ne, da hula. Ban taɓa su ba."

Inna ba ta ɗauke yatsanta daga takardar ba. "Mi yake cewa?"

"Ya ce ya haɗa da huskar Baba Dauda, amma ido da hula na Baba na."

"Hula dai tashi ta, aro anka yi. Ido na Dauda na. Duka Dauda na, tun asali."

Can nesa ana jin muryoyin masu shuka.

"Ki ce mishi shekarar da ubanku da Dauda za su tahi cin rani anka ce sai da kati mai hoto. Mai hoto ran kasuwa kaɗai yake zuwa. Ran kasuwar kuwa anka tashi da ruwa kamar na yau. Ubanku ya ce ba ya barin gona don a leƙa shi ta cikin akwati. Ya tuɓe hula ya ba Dauda ya ce shi zauna sau biyu. Jandarma tsaga yake dubi, tsaga kuwa guda ta. Da katin ubanku ya yi tahiya har Gana ya komo, ba wanda ya tsai da shi."

"Inna," in ji Lubabatu, "shekarun nan duka ba ki hwaɗi ba?"

"Wa ya tambaye ni? Yaro ƙarami ya nuna hoto ya ce Baba, uban ba ya duniya. Sai in ce a'a? Da ya girma kuma, ni zan zauna da shi muna hirar ubanai?"

"To mi kike dubi a ciki?"

"Sun yi kama a lokacin. In na duba sai in gyara sauran da kaina. Hancinai ya hi wanga tsawo, kuma shi ba ya zare ido haka." Ta sake jan yatsa a kan tsagar. "Ki ce mishi aiki ya yi. Ina gani sarai. Ki ce mishi shi ci abinci."

Na ci. Tuwon ya yi daɗi, ban ga amfanin ɓoye wannan ba.

An rataye hoton a ɗakin Inna, daidai inda hasken ƙofa ke faɗawa da hantsi. Ta yi damina guda tana ganinsa, kafin a gama girbi idon ya rufe. Har yanzu tana sa a sauko mata da shi, kumatun sun fara fari. Baƙi in sun shigo sukan tsaya a gabansa su ce Allah ya jiƙan maza, mu ce amin. Baba Dauda ma ya zo da salla, ya tsaya ya duba da kyau, ya ce Allah ya jiƙan maza, sannan ya tambaye ni ko akwai ƙarami da zai shiga aljihu.

Na buga wa kaina guda, yana shago a saman sikana. Masu shigowa suna cewa goshinmu ɗaya. Babana dai bai taɓa zama gaban mai hoto ba. Ran nan yana gona.